Kukan jariri ana tsakiyar Mas (babbar sujadar Katolika): in fita da shi ko in zauna?

Maman Babangida: Salama gare ku iyayena da 'yan'uwa. Tun Lahadi wata magana ke cin raina, na ce bari in kawo ta nan. Yarona watansa huɗu, kuma shi ne na fari. Cocinmu reshe ne a wani ƙauye ta wajen Sumaila, Fada, wato firist ɗinmu, ba ya samun zuwa mana sai sau ɗaya a wata, da damina kuwa in rafi ya kawo sai mu yi wata biyu ba mu gan shi ba. Sauran Lahadin Katekis, malamin da ke koyar da bangaskiya, shi ne ke ja mana addu'a. To wannan Lahadin Fada ya zo. Tun da sassafe na yi wa yaron wanka, ya sha nono ya ƙoshi, na goya shi, na je na furta zunubina kafin a fara. Barci ya yi ta yi har aka gama wa'azi. Ana fara baiko, wato lokacin kai sadaka, mata suka saki ganga da tulu, ya farka. Na jijjiga shi ya ɗan lafa. Daidai lokacin da aka durƙusa, wuri ya yi tsit, Fada ya ɗaga Gurasa, yaron bagade, mai taimaka wa Fada a teburin hadaya, ya kaɗa 'yar ƙararrawa, sai kawai ya tsala ihu. Kun san rufin kwano, kuka ɗaya sai ya koma uku. Mai tsaron ƙofa ya tako har bencinmu, bai ce uffan ba, hannu kawai ya yi mini wajen ƙofa. Na fita gindin darbejiya fuskata kamar an watsa mini barkono. Kafin yaron ya yi shiru an gama karɓar Jibi, wato Gurasar da Fada ya tsarkake. Wata guda ina jiran ranar, na koma gida haka nan. Surukata ta ce in haƙura da zuwa sai ya yi wayo. Don Allah laifi ne in na zauna a gida? In kuma na je, ni ce mai hana jama'a sujada?

Uwar Zumunta (Tudun Wada): Sannu 'yata, share hawayenki. Haihuwata takwas, babu wanda bai yi mini irin wannan ba, ɗaya ma a gaban Bishop ya yi. Kuskurenki ɗaya ne, kin bar shi a baya har ganga ta tashe shi. Yaron da ƙara ta tayar daga barci ba ya farkawa da daɗin rai. Ana gama wa'azi ki kwance majanyi, ki dawo da shi cinya, ki sa masa nono tun kafin masu kiɗa su ɗauki sanda. Yana sha ana kiɗa ba zai firgita ba, lokacin durƙuso kuwa ya riga ya yi nak. Kuma kada ki ƙara shiga tsakiyar benci. Bakin benci kusa da taga, nan ne wurin mai goyo.

Maman Babangida: Mama na gode. Amma ba da nono a cikin coci, gaban bagade? Kunya nake ji wallahi.

Uwar Zumunta: Mayafinki na mene ne?

Baban Laraba: Ku yi mini haƙuri, zan faɗi abin da ba za a so ba. Mai tsaron ƙofar nan aikinsa ya yi. Cocin ƙauye ba lasifika, ba wuta, muryar Fada ce kawai. Mu da kunne ya fara nauyi, in yara biyu suka haɗa baki a baya, daga “Ubangiji ya kasance tare da ku” ba ma ƙara jin komai sai a tashi. Mu ma wata guda muka yi muna jira. Ban ce da ke ba 'yata, ke kin fita da aka nuna miki. Amma akwai matan da yaro zai yi ta tsanyara tun karatun farko har Bishara, suna zaune kamar ba daga jikinsu kukan ke fita ba.

'Yar Kwaya: Baba, to ai ku ma kuna da tari. Wa ya taɓa nuna wa dattijo ƙofa don ya yi tari ana tsarkake Gurasa?

Baban Laraba: Tari minti nawa yake yi, 'yar nan?

Katekis (Jigawa): Bari in shigo kafin wuta ta kama. 'Yata, tambaya biyu kika yi, zan amsa miki su da abin da Ikilisiya ta rubuta, ba da son raina ba.

Ta farko. Zuwa Mas ranar Lahadi wajibi ne, haka yake a dokar Ikilisiya ta 1983, doka ta 1247. Amma littafin Katekizim da ya fito a 1992, a lamba ta 2181, da ya zo maganar uzurin da ke ɗauke wa mutum wannan nauyi, misali biyu ya bayar: rashin lafiya, da rainon jarirai. Da sunanku aka ambace ku. Saboda haka ranar da yaro ya kwana da zazzaɓi, ko hanya ta yi nisa ga rana ga ƙura, kika zauna gida, ba ki yi zunubi ba, kada ki kai shi wurin Fada a matsayin laifi. Shi kuwa jaririn babu wajibi a kansa ko kaɗan, dokokin Ikilisiya irin wannan ba sa hawa kan yaro sai ya cika shekara 7. Sai dai uzuri daban, mayar da shi al'ada daban. “Sai ya yi wayo” da surukarki ta ce, yaushe ke nan? Kafin a yaye shi wataƙila wani ya samu. Na san matan da suka shekara goma a wannan jiran, da suka dawo amsoshin Mas ma sun ɓace musu.

Ta biyu, wadda ta fi ba ni tausayi. Kin tafi gida ba ki karɓi Jibi ba, alhali Fada yana nan bai hau babur ba. Doka ta 918 ta ce an fi so a karɓa a cikin Mas, amma wanda ya roƙa a wajen Mas da dalili mai kyau a ba shi. Wane dalili ya fi naki? Da kin tsaya aka fito, kika gaya wa Katekis ɗinku, shi zai sanar da Fada. In ma kin hango abin tun da wuri, ki faɗa kafin a fara don a ajiye miki, tunda yawancin rassanmu ba a ajiye Jibi a cikinsu. Laifinmu ne mu katekis da ba ma sanar da wannan a gaban jama'a.

Maman Babangida: Baba Katekis, ashe haka ne? Ni da na ɗauka an rufe ke nan sai wani watan. Ka ga har na ji wani abu ya sauka daga ƙirjina.

Tsohon Ɗan Seminari: Kan maganar nono, ƙanwata, ki saki jikinki. A Janairun 2014 marigayi Paparoma Francis ya yi wa jarirai 32 baftisma a ɗakin sujada na Sistina da ke Batikan, wurin da ake zaɓen Paparoma. A wa'azinsa ya gaya wa iyaye mata cewa in yaran sun ji yunwa su shayar da su a nan, kada su yi wani tunani. Ya sake faɗin haka a shekarun da suka biyo baya. In an shayar a can, ban ga abin da zai hana a cocinmu na jar ƙasa ba. Sannan ku tuna karatun farko na ranar Larabar Toka, Yowel sura 2. Da annabin ya ce a tara jama'a, ya lissafa dattawa, ya lissafa yara, har da masu shan mama. Kowace shekara ana karanta mana shi, masu goyo suna waje ba su ji ba.

Baban Laraba: Batikan akwai lasifika.

'Yar Kwaya: Kai Baba!

Malamar Asibiti: Ni ta ɓangaren aikina zan yi magana. Yawancin kukan da nake ji a coci daga Maris zuwa Mayu ba na yunwa ba ne, na zafi ne. A duba yadda muke shirya jariri ranar Lahadi: riga, rigar sanyi mai hula, safa, a naɗe shi da tawul, a goya da zani, a ɗaure da majanyi, a rufa mayafi a kai, sannan a shiga ƙarƙashin kwano da mutum ɗari. Duk don a ce ya yi kyau. Ki taɓa ƙeyarsa, in ta jiƙe ki rage masa kaya. Kuma don Allah kada wata ta ce zafi ne bari a ɗura masa ruwa. Kafin wata 6 nono zalla, ruwan da yake bukata yana ciki. Ke ce za ki sha, kuma ruwa ba ya karya azumin awa ɗaya da ake yi kafin karɓar Jibi, Baba Katekis ya gyara mini in na yi kuskure. Ranar da za a ƙona turare ki nisanci hanyar da yaran bagade ke bi. In yaro yana tari, ko jikinsa ya feso da ƙuraje, ko akwai ƙyanda a gari, ku zauna gida, allurar ƙyanda sai wata 9 ake yi, naki bai kai ba. Wannan lokacin kuma shi ne na sanƙarau, cunkoso ba iska ba abokin jariri ba ne. Taga dai, kamar yadda Mama ta ce.

Katekis: Ba ki yi kuskure ba Malama. Ruwa da magani ba sa karya shi.

Maman Tagwaye: Ku da ɗaya ma kuna kuka. Ni in na lallashi Hassana sai Usaina ta karɓa, kamar masu amshi. Amma tambaya, Maman Babangida, an yi masa baftisma kuwa?

Maman Babangida: Ba a yi ba tukuna Yaya. Na yi wankan jego a gidanmu, Innata ta ce ko ƙofar gida ba zan leƙa ba sai na yi arba'in. Da na dawo kuma, wanda babansa ya zaɓa ya zama uban baftisma yana Kano wurin aiki, aka ce kuma bai karɓi Ƙarfafawa ba, wato sakramentin da ke tabbatar da mutum cikin bangaskiya bayan baftisma.

Katekis: To wannan ta fi kukan damuna. Doka ta 867 ta ce iyaye su nemi a yi wa jariri baftisma cikin makonnin farko. Wata huɗu ya wuce makonnin farko. Gaskiya ne uban baftisma sai ya kai shekara 16, ya karɓi Ƙarfafawa da Jibi, yana zaman bangaskiya, kuma ba uban yaron ko uwarsa ba. Amma ba dole sai namiji da mace ba, mutum ɗaya ya isa. Duk ƙauyenku a rasa mutum ɗaya? Ku daina neman mai albashi, ku nemi wanda zai koya wa yaron alamar gicciye.

Maganar arba'in kuma. Ban raina wankan jego ba, hutu ne ga mace, uwata ta yi, matata ta yi. Abin da ba na so shi ne a ce mai jego ba ta da tsarkin shiga coci. Wannan dokar Musa ce ta Littafin Firistoci sura 12, kwana 40 in namiji ne, 80 in mace ce, ita Maryamu ta cika da ta kai Yesu Haikali da 'yan kurciyoyi biyu, abin da muke tunawa ranar 2 ga Fabrairu. Ikilisiya ba ta ɗora ta a kan matanmu ba. In jikinki bai yi ƙwari ba ki huta, amma don jikin, ba don wai kina da ƙazanta ba.

Kaka (jikata ke rubuta mini): 'Ya'yana ku bar ni in sa baki. Mu da aka haifa a gidan Maguzawa muka karɓi bangaskiya da girmanmu, mun ga abin da ba ku gani ba. Ɗana na uku kwanansa goma sha tara. Tsakiyar damina ce, gero ya rufe hanya, Fada sai bayan kaka. Cikin dare jikinsa ya yi zafi, ya daina kama nono, numfashi yana fita sama-sama. Maigidana ya tafi kiran Katekis a ƙauyen gaba, ruwa ya tare shi. Na tuna abin da aka koya mana a ajin baftisma, cewa in rai yana hannun Allah kowa yana iya yi. Na ɗebo ruwa a randa da moɗa, hannuna yana rawa, na zuba masa a goshi sau uku, na ce ina yi maka baftisma da sunan Uba, da na Ɗa, da na Ruhu Mai Tsarki. Kafin zakara ya yi cara ya tafi. Da Fada ya zo na gaya masa duk yadda na yi, ya ce ta yi, ya rubuta sunansa a littafi. Yau shekara ta fi arba'in. In na ji jariri yana tsala kuka a coci, ni ba ya damuna, nawa ko sau ɗaya bai samu ya yi kuka a ciki ba. 'Yar nan, wannan zuwan na Fada kada ya wuce ku.

Uwar Zumunta: Allah ya ba shi hutawa, Inna.

Baban Laraba: Amin. Inna, kin ɗaure mini baki.

Maman Tagwaye: Ni fa tun ɗazu akwai wanda nake nema a labarin nan ban gan shi ba. Ina Baban Babangida lokacin da ake nuna miki ƙofa?

Maman Babangida: Yana ɓangaren maza mana. Ya ma karɓi Jibi. Da muka koma gida cewa ya yi, yaronki ya ba mu kunya yau.

Maman Tagwaye: Yaronki! Ke kaɗai kika samo shi a kasuwar Lahadi ke nan. Wannan ita ce maganar, ba kuka ba. Ku leƙa gindin bishiyar kowane coci a ƙauyukan nan ana tsakiyar Mas, mata ne zalla a tsaye suna jijjiga, suna miƙa wuya ta taga ko za su tsinci kalma ɗaya. Maza suna ciki sun harɗe, su ji wa'azi cikakke, su karɓi Jibi, su fito su ce mata ba su san katekizim ba. A ina za mu sani?

Baban Rahila (Rogo): Yaya, ba dukanmu ba. Ni nake karɓar 'yata in an zo “Ɗan Rago na Allah”, uwarta ta je layi ta dawo, ni kuma in bi ƙarshen layi. Ranar farko da na tsallaka ɓangaren mata na karɓo ta, sai da samari suka yi mako suna kirana mijin-ta-ce. Kawuna ya kira ni gefe ya ce ina zubar da girman gida. Na ce masa ranar ɗaurin aure da Fada ya tambaya ko za mu karɓi 'ya'ya mu rene su cikin bangaskiya, mu biyu muka amsa, ba ita kaɗai ba. Yanzu mu uku ne masu yi a cocinmu.

Baban Laraba: Taka ta huɗu ce ko ta biyar, ɗana. Wannan ɗan fari ne. Ka san al'ada, ɗan fari ko sunansa uba ba ya kamawa, balle ya rungume shi gaban iyayensa da surukansa. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce. Ita kanta ba ku ga Babangida take ce masa ba?

Maman Babangida: Sunan surukina aka sa masa Baba, shi ya sa.

Maman Tagwaye: To in kunya ta hana uba, ina kakar da ta ce a zauna gida? Ai ɗan fari na kaka ne, haka muka taso muka gani. Ta karɓe shi minti biyar ɗin nan. Kunyar da za ta bar yarinya ita kaɗai a rana, a sake mata suna.

Mai Tsaron Ƙofa (wani coci daban): Tunda ana ta dukan irinmu, bari in kare kaina. Kwamitin coci ne ke ce mana in hayaniya ta yi yawa mu yi magani, in ba mu yi ba mu ake tsawatawa a taro. Amma na yarda nuna ƙofa da hannu ba daidai ba ne, ko akuya ka kora ai ka yi mata magana. Abin da muka yi a wurinmu, mun cire benci biyu na baya, Zumuntar Mata suka sayi tabarmi, masu goyo suke zama a nan su miƙe ƙafa. Wanda kukansa ya ƙi ci ya ƙi cinyewa uwar ta fita da kanta ta zaga ta dawo, ni kuma in an fara layin Jibi nakan leƙa waje in kira su. Tun daga nan ba mu sake rigima ba, sai ta 'yan shekara biyu masu bin kaji har gaban bagade, wannan kam sai addu'a.

Tsohon Ɗan Seminari: Wannan shawarar ta tabarma a kai ta taron farish, wato babban cocin da rassanmu ke ƙarƙashinsa. Kada mu manta diyosis ɗinmu na Kano, wato yankin da Bishop ɗinmu ke kula da shi, jihohi biyu ya haɗa, Kano da Jigawa, tun 1999 da ya zama cikakken diyosis, Fada ɗaya yana yawo tsakanin rassa da yawa. Wanda ke gari, in ya rasa Mas na safe ya je na yamma, ko miji ya je ɗaya mata ta je ɗaya. Mu ba mu da wannan gatan. Af, Bishop ɗinmu John Namaza Niyiring da Paparoma Leo na 14 'yan ƙungiya ɗaya ne, ta Waliyyi Agustin, ko kun sani?

'Yar Kwaya: Yaya, ka fara ke nan. Ana maganar goyo ka tafi Roma.

Maman Babangida: Iyayena na dawo da labari, jiya Fada ya zo. Tun mako biyu da suka wuce na karanta wa Baban Babangida abin da Kaka ta rubuta, bai ce komai ba, washegari ya je ya sami wani dattijo maƙwabcinmu ya roƙe shi ya tsaya wa yaron. An yi baftisma bayan wa'azi, su biyar. Da ruwa ya taɓa kansa ya yi ihun da ya fi na wancan watan, Fada ya yi dariya ya ce wannan ɗan kwaya ne. Na zauna bakin benci, na cire masa rigar sanyin, na sa masa nono kafin baiko kamar yadda Mama ta ce, ya yi shiru har aka tashi daga durƙuso. Da aka fara layi ya soma mutsu-mutsu. Na ɗaga kai na dubi ɓangaren maza, mutumin ya sunkuyar da kai yana duba littafin waƙa kamar yau ya fara ganinsa. Sai ga surukata ta miƙo hannu ta bayana ta ce kawo shi nan, je ki. Na je na karɓa. Na dawo na tarar ya yi mata tumbuɗi a sabon zanin Zumunta, tana gogewa da gefen mayafi tana ce masa maigida ka gama da ni.

Mai tsaron ƙofar namu dai har yanzu bai ce mini komai ba, ni ma ban ce masa ba. Maganar tabarma na gaya wa shugabar matanmu, ta ce a bari a sayar da gyaɗa. Baba mai tsaron ƙofa, guda nawa kuka saya, kuma ta kaba ce ko ta roba?

Mai Tsaron Ƙofa: Uku, ta roba. Ta kaba ba ta jure fitsari.